Daga Rigasa Zuwa Busua: Yadda Muke Kai Mutanen Kaduna Hawan Igiyar Teku

Sana'armu shirya tafiye-tafiye ce. Duk wanda ya san ofishinmu a nan Kaduna ya san da tikitin Umara da na 'yan kasuwa muka fara, har yau kuma muna yi. Amma aikin da ya fi kwanta mini a rai shi ne kai matasanmu bakin teku su koyi hawan igiyar ruwa a kan allo, wasan nan da ya shiga gasar Olamfik karon farko a Tokyo a 2021. Garin da muke kai su shi ne Busua, wani ƙaramin garin masunta a yammacin Gana, kimanin kilomita 30 daga Takoradi.

Akan tambaye ni me ya sa sai Gana, alhali ga Legas a gida. Legas na da Tarkwa Bay, kuma akwai ƙwararrun yara a can, ba na raina su. Sai dai bakin tekun Busua shimfiɗaɗɗen yashi ne mai faɗi, ruwan yana zurfafa a hankali, kuma inda ake koya wa sabon shiga babu duwatsu a ƙarƙashi. Ga shi Bahaushe ba baƙo ba ne a ƙasar. Kakana bafataken goro ne, ya sha ba mu labarin hanyar Gwanja da kasuwar Salaga, kuma zuriyar irin waɗannan fatake ce ta cika zangunan Gana har yau. A zangon Takoradi za ka yi sallama da Hausa a amsa maka da Hausa, a kawo maka koko da ƙosai, a nuna maka masallaci. Uwar da za ta ba ni ɗanta ta fi samun natsuwa idan ta ji haka.

Hanyar ba ta da wani dogon bayani. Jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa tashar Idu ta Abuja, jirgin sama zuwa Accra, sai mota ta bi gaɓar teku ta Mankessim da Cape Coast har Takoradi, tafiyar fiye da kilomita 200. Ba a buƙatar biza tunda duk ƙasashen ECOWAS ne. Wannan kowa zai iya tsara maka shi. Ranar isa ita ce ainihin aikin, kuma a nan ake gane wanda ya iya da wanda ya kwaikwaya.

Mukan tsara tafiyar yadda za mu bar mahaɗar Agona Nkwanta da la'asar, mu shiga Busua da sauran rana. Ba na yarda mutanena su isa da dare. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba, idan ya fara jin rurinsa a cikin duhu, ba zai yi barci ba, kuma gobe da tsoro zai shiga ruwa. Da rana kuwa abin daban ne. Motar na gangarawa tsakanin itatuwan kwakwar manja, iska ta canza ta yi danshi da gishiri, ƙamshin bandar kifi ya shigo ta taga, sai surutu ya ɗauke a motar. Can sai a jiyo sautin, kamar ruwan Agusta a kan rufin kwano, amma wanda ba ya tsayawa. Kana wuce gidajen ƙarshe sai ga shi a gabanka, ruwa har inda ido ya ƙare, ga kwale-kwalen masunta masu fenti kala-kala an ja su kan yashi, ga ɗan tsibirin Abokwa can a tsakiya da 'yan itatuwansa. Na ga ƙaton saurayi ɗan Tudun Wada ya tsaya cik da jakarsa a hannu, bakinsa ba ya faɗin komai sai Subhanallah.

A daidai wannan lokacin ne kowa ke son cire takalmi ya ruga. Dokata ta farko ke nan: ranar isa ba mai shiga ruwa ya wuce idon sawu. Mukan ajiye kaya, mu yi sallah, in tuna musu agogon Gana na bayan namu da awa ɗaya, sannan mu zauna kan yashi tare da mai koyarwa, wani ɗan garin da aka haifa a wannan gaɓa, mu yi ta kallon teku har magariba. Shi zai nuna musu inda igiya ke karyewa, da yadda take zuwa jeri-jeri sannan ta ɗan lafa. Zai kuma nuna musu abin da ya fi komai muhimmanci, wato wurin da ruwa ya yi duhu ya kwanta lumui tsakanin farin kumfa biyu. Baƙo yana ganinsa zai ce nan ne lafiya. Alhali ta nan ne ruwan da igiya ta turo yake komawa teku da ƙarfi, kuma shi ke janye mutane. Wanda ya faɗa ciki ba ya kokawa da shi, sai ya riƙe allonsa ya yi iyo ta gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga layin.

To ka gaya mini, waɗannan da suka cika Instagram da hotunan teku, da yawansu ma hotunanmu ne suka kwafa suka goge sunanmu, wa zai zaunar da mutanensu ya nuna musu wannan? Su dai a sauke mutane, a ɗauki bidiyo, a ce kowa ya shiga. Wani ma bai taɓa taka garin ba, ta waya ya kama masauki.

Ni ba haka aka koya mini ba. Maigidan da na yi wa yaranta, Allah Ya jiƙansa, tsohon mai sayar da tikiti ne a titin Ahmadu Bello tun zamanin da ake rubuta tikiti da biro a kan takardar kabon. Idan na rubuta sunan fasinja sai ya sa na karanta masa harafi-harafi daga fasfo, yana bi da yatsa. Maganarsa kullum ita ce matafiyi amana ne, kuma kada in kwantar da baƙo a ɗakin da ban kwana ciki ba. Shi ya sa duk masaukin da muke sauka a Busua na kwana a ciki, na buɗe famfonsa, na duba gidan sauronsa, na san ta ina alƙibla take, na kuma tabbata ba a jikin mashaya yake ba. Iyo kuwa a Kogin Kaduna na koya, wajen Kabala, a hannun yayyena da 'ya'yan masunta. Su suka fara koya mini cewa ana karanta ruwa da ido kafin a sa ƙafa.

Lokacin tafiya ma ilimi ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu muke kai sababbi, domin igiyar ba ta da girma, kuma da sassafe iskar hunturu na busowa daga tudu ta gyara fuskar ruwan ya yi santsi. Da damina, wajen Yuni zuwa Satumba, tekun na ƙwararru ne. Amma a lokacin ne 'yan kwaikwayo ke tallan garaɓasar dogon hutu, don masauki ya yi sauƙi. Haka kuma teku na cika ya janye sau biyu a yini, kuma kullum lokacin yana matsawa da kusan minti 50. Don haka ba mu da wani tsayayyen ƙarfe kaza na darasi. Kowane dare ni da mai koyarwa mukan duba jadawalin, mu daidaita shi da lokutan sallah, sannan mu faɗa wa mutane.

Kayan aiki da hannuna nake duba su. Sabon shiga allon soso muke ba shi, mai tsawon ƙafa 8 ko 9, wanda ko ya buge shi ba zai fasa masa kai ba. Maɗaurin da ke haɗa allo da ƙafa kuwa sai na ja shi da ƙarfi na ga bai saki ba, saboda gishiri da rana suna cinye shi a ɓoye. Ga 'yan'uwa mata akwai wani tela a Kasuwar Barci da muka daɗe muna aiki tare. Yana ɗinka musu doguwar riga da wando da yadi mara shan ruwa, da hijabi mai kama wuya wanda igiya ba za ta fizge ba, kuma mukan ware musu lokacinsu da sassafe kafin gaɓa ta cika.

Washegari a kan yashi ake fara darasi. Ka kwanta rub da ciki a kan allo, tafin hannu a ƙarƙashin ƙirji, ka yunƙura ka dire ƙafafu biyu a tsakiya lokaci guda, gwiwa a lanƙwashe, ido a gaba. Wanda ya kalli ƙafarsa ya faɗi. A maimaita har jiki ya riƙe, sannan a shiga ruwa iya ƙugu, inda igiya ta riga ta karye ta zama kumfa. Mai koyarwa ya riƙe gindin allon, ya jira wadda ta dace, ya tura. Saurayin nan na Tudun Wada ya sha ruwan gishiri har ya gode Allah, amma kafin azahar ya miƙe tsaye, kumfa ta ɗauko shi har yashi, hannuwa a buɗe yana kiran sunan ƙaninsa ya zo ya gani. Don wannan nake wannan sana'a.

Abinci kifi ne sabo daga kwale-kwale, a gasa mana da yajin da muka taho da shi daga gida. Masuntan ba sa fita ranar Talata bisa al'adarsu, don haka tun Litinin nake sayen na kwana biyu. Ranar hutu mukan je Dixcove mu ga Fort Metal Cross, ganuwar da Ingilishi suka gina a ƙarshen ƙarni na 17, ɗaya daga cikin gine-ginen cinikin bayi na gaɓar Gana da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979.

Duk da haka sai wata ta zauna a gabana ta ce, "Alhaji, a rage mana, akwai wanda ya ce zai kai yaran da rabin wannan." Nakan ce, "Hajiya, ki tambaye shi mutum nawa mai koyarwa ɗaya zai riƙe a ruwa. Mu ba ma wuce huɗu. Ki tambaye shi asibiti mafi kusa, da wanda zai tsaya a gaɓa yana ƙirga kawuna." Araha ba ta ado, balle a teku. Yawanci bayan kwana biyu sai ga ta ta dawo da fasfo.

Ayarin Disamba mun fara rubuta suna. A zo da fasfo mai sauran aƙalla wata shida, da katin rigakafin cutar shawara, kuma a yi allurar kwana 10 kafin tafiya domin sai a lokacin katin ke fara aiki. Kowa za mu gwada iyonsa a wurin ninƙaya a nan Kaduna kafin mu karɓi kuɗinsa. Wanda bai iya ba mu fara koya masa, ya bi ayarin Fabrairu.