Daga aji zuwa shagon kwamfuta

Sa'ad da nake koyarwa a wata firamare a Argungu, duk wata sai an cire kuɗin ƙungiyar malamai kafin albashi ya shigo hannu, kuma ba a rasa malamin da zai yi ƙorafi a kan haka. Amma idan ƙarin girma ya maƙale, ko aka tsallake sunan mutum wajen biya, akwai ofishin da zai je, akwai wanda zai karɓi takardarsa ya bi masa ita har ta fito.

Mafi ƙarancin albashi ma ba kyauta aka ba mu shi ba. Naira 18,000 ne a 2011, ya koma 30,000 a 2019, kuma 70,000 ta 2024 ba ta samu ba sai da manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa, NLC da TUC, suka shiga yajin aiki a watan Yuni na shekarar, har aka kashe wutar lantarkin ƙasa. A nan Kebbi gwamnati ta amince da 75,000, kuma Gwamna Nasir Idris kansa tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne. Tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023 ta cinye ƙarin, wannan gaskiya ne. Amma da ba a yi ƙarin ba fa?

Darajar wannan duka ta fito mini ne bayan na koma aiki a wani shagon kwamfuta a Birnin Kebbi. Matasan da muke tare, masu buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar JAMB da haɗa shafukan intanet, babu mai takardar ɗaukar aiki a cikinsu. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka abin da mai shago ya ga dama shi ne albashi. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai yi wa kamfanin waje aiki ta intanet: saƙo ɗaya ake turo masa an rufe asusunsa, kuɗin guminsa na ciki, ba shi da wurin kai kuka.

Wasu na cewa mai ilimin kwamfuta ba ya buƙatar ƙungiya, ƙwarewarsa ta ishe shi. Ban yarda ba. Ma'aikatan Google a Amurka sun kafa tasu a 2021, masu tace abubuwan da ake wallafawa a Facebook da TikTok suka yanke shawarar kafa tasu a Nairobi a 2023, kuma ba rashin ƙwarewa ya kai su ba.

A shago irin namu yajin aiki ba zai yi ma'ana ba, don mai shagon ma da kyar yake sayen man janareta. Abin da muke nema a haɗe ƙarami ne: a rubuta ranar biya, a rubuta lokacin tashi, a kuma fayyace wa zai biya idan kwamfuta ta lalace a hannun ma'aikaci.