Erta Ale: wuta na je ɗauka, hayaƙi na tarar

Hoton da kamfanin yawon buɗe idon ya turo mini ta WhatsApp shi ya sa na saki kuɗina: rami cike da narkakken dutse, ja jawur, yana tafasa. Ashe tsohon hoto ne. A watan Janairun 2017 Erta Ale, dutse mai aman wuta da ke Habasha, ya tsage ta gefen kudu maso gabas, narkakken dutsen ya samu wata hanya ya malale can, wanda ke cikin ramin sama kuwa ya janye ƙasa. Ni kuma ƙarshen 2018 na je Habasha. Sun sani sarai, amma bakinsu ƙanin ƙafarsu.

Daga birnin Makale muka gangara ƙasar Afar, cikin kwarin Danakil, inda wasu wuraren sun fi mita 100 ƙasa da doron teku. Zafin wurin, ko mu da muka saba da bazara sai da muka sara masa. Dutsen ba wani tsawo ba ne, mita 613 kacal, amma a lokacin sai rana ta faɗi ake hawa, da tocila a goshi, raƙuma na ɗauke da katifu da ruwa, sojoji na gaba da baya. Rakiyar dole ce, don a 2012 an kashe Turawa biyar masu yawon buɗe ido a nan.

Muna isa bakin ramin na kafa kyamara a kan ƙafafunta, na leƙa. Hayaƙi! Fari fat, mai warin farar wuta, yana shaƙe maƙogwaro yana sa hawaye. Wutar tana can ƙasa, kana jin gurnaninta, amma sai iska ta karkata kake hango ɗan ja, kafin ka danna ya rufe. Hoton dare kuwa yana son kyamara ta daɗe a buɗe, hayaƙin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai komai ya fito kamar kunun da aka zuba wa manja. Da na yi wa ɗan jagora ƙorafi, cewa ya yi wai ba ni da sa'a ne yau. Wace sa'a, abin da ya kusa shekara biyu a haka?

Takunkumin hayaƙi na gaske za ka riƙo. Rawanin da na jiƙa bai tsinana komai ba. Ka kuma goge kyamara da zarar ka sauko, don hayaƙin yana cin ƙarfe.

Amma kafin duk wannan, kada ka biya ko sisi sai an nuna maka hoton makon nan, mai kwanan wata. Dutse mai aman wuta canza hali yake yi, kamfani kuwa ba zai canza hoton tallansa ba. Har yau nasu yana nan a shafinsu, ramin cike fal.