Kwantenar da aka buɗe ranar atisaye

Na yi shekaru ina aikin lissafi a wata tashar jiragen ruwa, kuma duk shekara kuɗin kayan tare malalar mai ne ke fara shan wuƙa a kasafinmu. Ba zan ɓoye ba, ni ma na taɓa zaftare shi da hannuna. An shekara biyar ko ɗigon mai bai zuba a ruwa ba, ga rufin ofis yana yoyo, wa zai ce a sayo sabon shingen roba?

Ranar wani atisaye aka buɗe kwantenar kayan a gabana. Shingen da ake shimfiɗawa a kan ruwa don ya tsare mai duk zafi ya manne shi, ana ja ya yage kamar tsohon buhu. Injin zuƙe mai ya yi tari biyu ya mutu. Wani dattijo cikin matuƙan kwalekwale ya dube ni ya ce, "Malam, ba a fafe gora ranar tafiya." Ban ce uffan ba.

Tun daga nan na shiga bin diddigin inda ƙasashe ke samo kuɗin wannan aiki. Amurka sai da ta ji jiki tukuna. A watan Maris na 1989 jirgin dakon mai Exxon Valdez ya hau kan dutse a Alaska, ɗanyen mai kimanin galan miliyan 11 ya kwarara. A 1990 suka yi doka: wanda ya zubar shi zai biya, sannan ga asusun da aka riƙa cikawa da harajin 'yan senti a kan kowace ganga. Abin da ya burge ni, jami'an tsaron gaɓar teku na iya ɗiban kuɗi daga asusun nan take su fara kwasa, daga baya a bi mai laifi bashi. Mai a kan ruwa ba ya jiran alƙali. Cikin sa'o'i kaɗan ya bazu, bayan 'yan kwanaki ya cuɗe da ruwa ya yi kauri, maganin da ake fesawa don tarwatsa shi ya daina cin sa.

Ostireliya kuwa jiragen ruwa take karɓa wa haraji, kuma har jirgin kaya yana biya muddin akwai mai tan 10 a cikinsa. Da farko na ɗauka son kuɗi ne, sai da na ga abin da ya sami tsibirin Morishas a 2020. Jirgin Wakashio da ya yi hatsari a can ba na dakon mai ba ne, man da injinsa ke sha ne ya tsiyaye, wajen tan 1,000. Asusun diyya na duniya na 1992, wanda masu karɓar mai sama da tan 150,000 a shekara ta teku ke zuba wa kuɗi, na jiragen dakon mai ne kawai, don haka bai shafi wannan ba. Mutanen tsibirin suka riƙa cusa ganyen rake da gashin kansu cikin ƙyallaye suna ɗinkawa, suna jera su a bakin ruwa.

Kuɗi kaɗai ma bai isa ba. An saba raba aikin mataki uku: ƙaramar malala tasha ko kamfani ya ji da abinsa, matsakaiciya a haɗa kayan yanki, babba ƙasa ta shigo har ta nemi agajin waje. A takarda tsaf yake. A atisayenmu kuwa, kusan sa'a guda ta tafi wajen gardamar wa ke da ikon ba da umarni, hukumomi uku kowa da wayarsa a kunne.

A kasafin da ya biyo baya na raba kuɗin gida biyu, na sayen kaya daban, na gyara da atisaye daban. Na sayen kaya ya wuce ba musu, tunda ana ɗaukar hoto da shi ranar ƙaddamarwa. Na biyun ne shugabanmu ya sa wa biro ya ce, "Wannan fa, ba za a iya ɗaga shi zuwa baɗi ba?"