Juma'ar da na tsaya a kan kabarin Tun Dr Ismail

Daren Juma'a, bayan isha'i.

Ƙafafuna ciwo suke, amma in ban rubuta wannan yanzu ba, gobe rabinsa zai zube.

Jiya ban samu barcin kirki ba saboda wayar da muka yi da Yaya. Maganar dai ita ce wadda muke ta jujjuyawa tun bayan rasuwar Baba: in na gama karatun nan zan koma gida, ko zan karɓi aikin da aka yi min tayi a nan Malesiya. Ya ce, "Kai dai ka yi istihara, ba mai yi maka dole. Amma Inna kullum sai ta tambaye ni saura wata nawa." Sai kuma ya ƙara da cewa likitan da ke asibitin garinmu ya nemi canjin wurin aiki. Bai ce komai bayan wannan ba, ni ma ban ce ba. Ya san ni likita ne, na san abin da yake nufi.

Da safe na kasa taɓa aikin bincikena, sai na ce bari yau in yi Juma'a a wani wurin. Na hau jirgin ƙasa daga Serdang na sauka a tsohuwar tashar Kuala Lumpur, na taka zuwa Masjid Negara, babban masallacin ƙasa da aka buɗe a 1965, mai rufi kamar buɗaɗɗiyar lema. Huɗubar da Malayanci aka yi, abin da na tsinta bai fi ayoyi da hadisai ba. Ana sallamewa hadari ya haɗu, kafin in nemo takalmina ruwa ya kece. Na bi wata doguwar baranda ina neman mafaka, ita ta kai ni bayan masallacin, inda ake kira Makam Pahlawan, wato makwancin gwaraza. Shekara biyu ina ƙasar nan ban taɓa sanin akwai shi ba.

Wuri ne a buɗe, iska na shiga ta ko'ina, ƙasa shimfiɗe da farin dutse, rufin kuma an yi shi da siffar tauraro. Na karanta sunayen da ke kan kaburburan. Tun Abdul Razak na sani, firayim minista na biyu ("Tun" lakabin girmamawa ne a nan). Tun Hussein Onn ma na sani, na uku. Sai wani suna: Tun Dr Ismail bin Abdul Rahman, wanda ya rasu a 1973. Nan take na tuna da tashar TTDI da nake wucewa a jirgin ƙasa na cikin birni, MRT, wato Taman Tun Dr Ismail. Sau nawa na ji ana kiran sunan a lasifika, ko sau ɗaya ban taɓa tambayar wane ne mai shi ba.

Akwai wani dattijo zaune a gefe da baƙar hula irin tasu, yana jan carbi. Na yi masa sallama, ya amsa cikin sakin fuska, ya tambaye ni daga ina. Da na ce Najeriya sai ya matsa ya ba ni wuri. Na ce, "Pak Cik, wane ne wannan?" Haka ake kiran dattijo a nan, kamar mu ce Kawu ko Baffa. Ya dube ni ya ce wannan shi aka fara binnewa a wurin, kafin Razak, kafin kowa. Ya ce shi tsohon malamin makaranta ne, kuma duk Juma'ar da ya zo masallacin sai ya leƙo ya yi musu addu'a.

Ruwan ya kai awa guda bai tsagaita ba, saboda haka na samu labari. Abin da bai faɗa ba na cike shi da karatu a waya a hanyar dawowa, har na kusa wuce tashata.

An haifi Ismail a Johor Bahru ranar 4 ga Nuwamba 1915. Gidansu gidan manyan ma'aikata ne. Mahaifinsa, Dato' Abdul Rahman Yassin, shi ya zama shugaban majalisar dattawan ƙasar na farko. Ya fara karatun likita a Singafo ya ƙarasa a Jami'ar Melbourne ta Ostareliya a 1945. Da ya dawo ya buɗe ɗan asibitinsa a Johor Bahru, ya raɗa masa suna Tawakkal. Da na ga sunan nan sai da na ajiye wayar a cinya na ɗan lokaci. Tawakkali ita ce kalmar da Baba ya fi yawan faɗa a rashin lafiyarsa ta ƙarshe.

Siyasa ta zo ta ɗauke shi daga duba marasa lafiya. Ya shiga UMNO, babbar jam'iyyar Malayawa, bayan Tunku Abdul Rahman, wanda daga baya ya zama firayim minista na farko, ya karɓi shugabancinta a 1951, yana cikin tawagar da ta je Landan a 1956 neman mulkin kai, kuma da aka samu 'yancin a ranar 31 ga Agusta 1957, shi aka tura ya zama jakadan farko a Amurka, a lokaci guda kuma wakilin ƙasar a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya shiga zauren majalisar da kayan gargajiyar Malayawa, har da keris, wuƙar nan tasu mai lanƙwashe-lanƙwashe, a soke a ƙugu. Daga nan ya riƙe ma'aikatar harkokin waje, sai tsaron cikin gida, sai harkokin cikin gida.

Labarin da Pak Cik ya fi jin daɗin bayarwa shi ne na 1964, lokacin da Indunusiya ta Sukarno ke takalar sabuwar tarayyar Malesiya. Indunusiya ta sauke sojojin lema a Labis, cikin jihar Johor, jiharsa ta haihuwa. Ismail ya je Kwamitin Sulhu da makaman da aka ƙwace a hannunsu, ya baje su a gaban wakilai. An sa a kwashe su, kuma Tarayyar Sobiyet ta hau kujerar na-ƙi a kan ƙudurin, amma duniya ta riga ta gani da idonta. Dattijon yana faɗa yana buga cinya.

Duk wannan na ji shi ne kamar yadda ake jin tarihin kowane babban mutum. Inda labarin ya kama ni shi ne daga 1967.

A shekarar ya ajiye minista. Ba a kore shi ba, ba abin kunya ya yi ba. Yana da matsala a bawul ɗin zuciyarsa, ga kuma ciwon daji da ya taɓa shi a wajen maƙogwaro. Ya koma gefe, ya shiga harkar kamfanoni, ya fara samun abin da zai bar wa iyalinsa, 'ya'ya shida. Da a nan labarin ya tsaya, ba wanda zai zarge shi da komai. Ya yi wa ƙasa aiki shekara goma sha wani abu, jiki ya ce ya isa.

Sai aka yi zaɓen 10 ga Mayu 1969, ƙawancen da ke mulki ya sha ƙasa a wurare da dama, kwana uku bayan haka Kuala Lumpur ta kama da wuta tsakanin Malayawa da 'yan asalin Sin. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 196 suka mutu, mutane da yawa kuma na ganin abin ya fi haka. A daidai lokacin mu ma muna tsakiyar yaƙin basasarmu. Pak Cik ya ce shi yaro ne a lokacin, bai kai sha biyar ba. Yana tuna dokar hana fita, da hayaƙi, da yadda mahaifiyarsa ta toshe tagogi da tabarma. Muryarsa ta yi ƙasa a nan, ni ma ban tona ba. Wanda ya taɓa kwana a gari ana rikici ba ya bukatar a yi masa bayani.

Aka kira Ismail, ya dawo. Aka dakatar da majalisa, aka kafa majalisar gudanarwa ta gaggawa a ƙarƙashin Razak, shi kuma ya koma kujerar harkokin cikin gida. Ya fito a talabijin ya gaya wa mutane ƙiri-ƙiri cewa dimokuraɗiyya ta mutu a ƙasar. Pak Cik ya ce abin mamaki, wannan magana mai ɗaci ita ta sa hankalin mutane ya fara kwanciya, don sun ga wanda ba zai yi musu ƙarya ba. Ya ce a unguwarsu har maƙwabtansu Sinawa sun yarda da shi, saboda an san in ka karya doka ba ruwansa da ko kai ɗan wane ne ko wace ƙabila ce taka. A Fabrairun 1971 majalisa ta dawo zama.

Ni abin da nake ta juyawa a raina abu ne na likita. Mutumin nan ya san jikinsa fiye da duk wanda ke kewaye da shi. Ya san abin da lalataccen bawul ke yi wa zuciya, ya san ma'anar numfashi ya riƙa sarƙewa in an hau bene, ya san abin da rashin barci da tashin hankali ke ƙarawa. Da marar lafiya ne ya zo Tawakkal da irin wannan ciwo, da ya ce masa ya je ya huta. Shi kuma ya karɓi aikin da ya fi kowane aiki cin rai a ƙasar, a watan da ya fi kowane wata muni. A Satumban 1970 Razak ya zama firayim minista, Ismail ya zama mataimakinsa. Ga kuma abin da jama'a ba su sani ba sai daga baya: Razak ɗin ma yana ɗauke da sankarar jini, Ismail na cikin 'yan ƙalilan da suka san sirrin. Mutum biyu marasa lafiya suna riƙe da ƙasa, kowanne yana kallon ɗan'uwansa, ana sa ran in ta Allah ta kasance a kan Razak, Ismail zai ɗora.

Allah bai nufa haka ba. Ranar 2 ga Agusta 1973, Razak na Ottawa a Kanada wajen taron ƙasashe rainon Ingila, Ismail na riƙe da ƙasa a madadinsa, zuciyar ta buga. Shekararsa 57. Razak ya biyo shi a Janairun 1976, a Landan. Ga su nan yanzu kwance kusa da juna, taku kaɗan tsakani.

Ba komai nasa ne ya kwanta min ba. Yana cikin manyan masu kare dokar tsaron cikin gida ta 1960, wadda ta ba gwamnati ikon tsare mutum ba tare da an kai shi kotu ba, kuma ya yi aiki da ita. An kafa ta ne da sunan yaƙi da 'yan tawayen kwaminis, amma ta daɗe bayansa, ta ci 'yan adawa da malamai da 'yan jarida, sai a 2012 aka soke ta. Na faɗa wa Pak Cik haka. Ya yi shiru, sannan ya ce a hannun Ismail mutane ba su ji tsoron za a yi zalunci da ita ba. Na ce to ai damuwar ke nan, Pak Cik, doka ba ta bin mai ita kabari. Ya gyaɗa kai, bai musa ba.

Akwai kuma batun gatan da tsarin mulki ya ba Malayawa a makarantu da aikin gwamnati. Ismail ya goyi bayansa, amma da yake mai son wasan golf ne, sai ya kwatanta shi da rangwamen da ake yi wa ɗan wasan da bai ƙware ba, wanda ake ragewa yayin da hannunsa ke faɗawa, har ranar da shi da kansa zai ce ba ya so. Wannan ya taɓa ni a matsayina na ɗan Arewa. Mun san zancen kason gurabe, mun san yadda ake yi mana gori da shi, mun kuma san waɗanda a cikinmu suka mai da shi gado. Ban cika jin wani babba namu yana maganar ranar da za mu ce mun gode, ya isa ba.

Da ruwan ya ɗauke muka tashi tare. Na tsaya na yi wa mamatan addu'a, na haɗa da Baba. Pak Cik ya ja ni wani ɗan shago ya saya min teh tarik, shayin nan nasu mai kumfa, ya hana ni biya. Ya tambaye ni aikina, na ce likita. Ya tambaya ko zan koma gida bayan karatu. Na ce ina tunani. Bai ba ni shawara ba. Ya dai tambaye ni ko mahaifiyata na da rai, na ce tana nan, ya ce Allah ya ƙara mata lafiya. Muka rabu a bakin titi, ko lambar waya ba mu karɓa ba.

A jirgi na yi ta faɗa wa kaina kada in ɗauki kaina da girma. Garinmu ba ya cin wuta, ni ba minista ba ne, kuma lafiyata ƙalau, alhamdulillahi. Albashin da aka yi min tayi a nan zai iya ɗaukar karatun ƙannena uku, wannan ma hakki ne, ba son zuciya ba. Amma na san asibitin nan. Na san benci na biyu daga ƙofa inda mata ke zama da yara tun asuba lokacin damina, in zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa. A kansa na zauna da Baba.

Yanzu ƙarfe goma da rabi a nan, a gida uku da rabi na yamma, Inna ta kusa tashi alwalar la'asar. Takardar tayin aikin tana kan tebur, sun ba ni zuwa ƙarshen wata. Na tura wa Yaya saƙo ya bincika min yaushe likitan zai tafi, da kuma ko gidan likita na cikin asibitin yana zaunuwa ko rufin ya lalace. Ya karanta, na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Bari in yi alwala kafin amsar ta shigo.