Wasiƙa daga Girenobul zuwa ga masu gyaran waya da rediyo na Garwa da Marwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, ina rubuto muku ne daga Girenobul ta ƙasar Faransa, inda nake sana'ar rubuta manhajar da ake dasawa a cikin ƙananan na'urori, wato umarnin da ke zaune a cikin ƙwayar lantarki (aisi) ta mitar wuta ko na'urar cajin sola yana gaya mata lokacin kunnawa da kashewa. Ku da kuke wuni da ƙarfen dalma a hannu kun fi ni sanin wannan baƙar ƙwaya mai ƙafafu, kun kuma san cewa da zarar matsala ta shige cikinta, sai a ba mai kaya haƙuri a ce ya sayi sabo. Abin da nake so ku sani shi ne, koyon rubuta abin da ke cikin irin wannan ƙwaya ba ya buƙatar kuɗin lasisi ko sisi.

Ban gane darajar hakan ba sai da na yi aiki a wani kamfani da ke amfani da manhajar saye, wadda ba ta buɗewa sai an soka mata wani ɗan makulli a jikin kwamfuta. Ranar da wa'adin lasisin ya ƙare, mu huɗu muka naɗe hannu har kwana uku muna jiran takarda. Da na gaji, sai na koma ga GCC, manhajar da Richard Stallman ya fitar a 1987, wadda ke juya abin da mutum ya rubuta da harshen kwamfuta na C zuwa lambobin da ƙwayar ke ganewa, aikina kuwa ya tashi a yammacin ranar.

Irin waɗannan kayan aiki ana ce musu masu buɗaɗɗen tushe, domin kowa yana iya karanta rubutun da aka gina su da shi, ya gyara, ya raba. Aikin gayya ne, sai dai masu gayyar yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba. KiCad, da ake zana allon lantarki da ita, a nan Girenobul wani malami mai suna Jean-Pierre Charras ya fara ta a 1992. FreeRTOS, wadda ke raba wa ƙwaya ɗaya ayyuka da yawa bi da bi, ta fito a 2003.

Ga mai farawa, shawarata Arduino ce, wato ƙananan allunan lantarki tare da manhajar rubuta musu umarni, wadda aka ƙirƙira a garin Ivrea na Italiya a 2005. Allonta mai suna Uno yana da wurin ajiye manhaja kilobayit 32 da wurin tunani kilobayit 2 kacal, abin da ko hoton waya ɗaya ba zai shiga ba, amma ya isa ya kula da famfon ban-ruwa a gonar albasa. Wannan ƙuncin ne ma yake koya wa mutum tattali. Wanda hannunsa ya faɗa sai ya matsa zuwa wani allon, kamar ESP32 mai haɗawa da intanet, ko Raspberry Pi Pico da aka fitar a 2021 a kan dala 4. Tsadar data kada ta tsorata ku, domin mutum ɗaya zai iya sauke manhajar ya raba wa layi guda a filas, kuma lasisinta ya halatta haka.

Akwai abin da ku kaɗai za ku iya kai wa wannan gayya. Mu a nan muna gwaji ne a ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya, alhali na'urar da na haɗa wa kawuna don famfonsa ta riƙa sandarewa duk lokacin da wuta ta yi ƙasa ta dawo, a zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40. Laifina ne, domin ban kunna ɗan agogon tsaro da ke cikin ƙwayar ba, wanda ke tayar da ita daga farko idan ta daina motsi. Wanda ke zaune da ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta shi zai fara ganin irin wannan, amma sai ya rubuta ya sanar da masu kula da manhajar kafin ta amfani wani. A nan ne nake jin tsoron al'adarmu ta maigida ya juya wa yaron shagonsa baya idan ya zo kan sirrin gyara.

In Allah ya yarda zan zo gida da Babbar Sallah, kuma zan taho da allunan Uno goma da filas mai ɗauke da kayan aikin. Ku tanadi tsohuwar kwamfuta ko da guda biyu ce, da wurin zama mai inuwa.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Girenobul