Abin da na gani a cikin tarwaɗar Wasai

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ba ni aikin auna gubar ƙarafa, irin su dalma, a jikin kifin madatsar ruwan Wasai, in kwatanta da na Tiga. Wasai aka zaɓa domin a nan koramar Jakara take zubewa bayan ta ratsa birnin Kano ta haɗu da koramar Getsi, mai kwaso ruwan masana'antun Bompai, har da na wuraren jima masu amfani da wani sinadarin ƙarfe da ake kira kuromiyam.

Da sassafe nake sayen tarwaɗa da karfasa a hannun masunta, in sa a ƙanƙara. In ka dube su a kwando ba za ka ga aibu ba, ƙibarsu lafiya lau. Sai an feɗe ake ganin bambanci. Jan naman nan na gefen kai da kifi ke numfashi da shi, a na Tiga jawur yake. A wasu na Wasai kuwa ya koɗe, yauƙi ya lulluɓe shi, zaruruwansa sun manne da juna. Kifin da ke haka yana cikin ruwa amma iska ba ta isarsa. Hantar wasu ma ta yi fari-fari.

Muna busar da kowane sashe daban, a daka, a narkar da shi a cikin sinadari mai ƙona, sannan a kai na'urar da ke auna yawan ƙarafan. Hanta ce ta fi tara gubar, sai wurin numfashin, tsoka ce ƙarshe. Ƙarafan nan suna kwantawa ne a taɓo, shi ya sa na fi sa ido kan tarwaɗa, tunda a ƙasan ruwa take kiwo. Da rani kuma, in ruwa ya ja baya, gubar takan ƙara kauri.

Wani dattijon masunci ya ce mini ai wuta tana kashe komai. Na ce masa, Baba, wuta tana kashe ƙwayar cuta, amma dalma ba rai gare ta ba, suya da banda ba sa fitar da ita. Zamfara ma a 2010 dalmar ce ta kashe yara sama da 400, ko da yake can ta ƙurar dutsen zinare ta shiga jikinsu.

Tun daga lokacin, in za a yi farfesu a gidanmu, kai da kayan ciki ake fara cirewa, kuma nakan tambayi mai kifi daga wane ruwa aka kamo shi.