Tambayar Baba ta dawo gida a aljihuna

Talata. Minti goma aka ba mu. Tun da Mubarak ya kira ni daren jiya ya ce an amince, sabon shugaban wata hukumar gwamnati da aka naɗa makon jiya zai zauna da mu kafin ya koma Abuja, barci ya ƙaurace wa idona. Mu da ba katin aikin jarida, ba albashi, sai waya ɗaya da makirufon da muka yi karo-karo muka saya a Kasuwar Sheikh Gumi da ke nan Kaduna.

Bayan sallar asuba Baba ya tsayar da ni a zaure. Ya ce, "In Allah ya sa ka gan shi, tambaye shi masaƙun Kakuri. Za su sake tashi, ko mu cire rai?" Na rubuta a bayan takardar kuɗin wuta, na ninke na sa a aljihun gaba.

Keke Napep zuwa Unguwar Rimi. Zaman jira na awa biyu. Sadiya sai gyara mayafi take tana maimaita tambayarta a hankali.

Da aka shigar da mu falon, mutumin ya miƙe ya gaisa da mu, har ya tambayi unguwanninmu. Sadiya ta yi tambaya kan aikin yi ga matasa, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Mubarak ya yi tasa. Aka zo kaina. Hannuna na kan aljihu, ina jin kaifin takardar, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ranka ya daɗe, yaya ka ji da aka sanar da naɗinka?" Ya yi murmushi, ya yi ta godiya ga Allah da shugaban ƙasa. Hadiminsa ya dubi agogo ya ce lokaci ya yi.

Kwarjini ne ya cika ni, ba wani abu ba. Ba wanda ya hana ni. Kuma abin da ke ci mini rai, irin wannan tambayar ce dalilin da ya sa muka fara aikin nan. Wanda ya zo daga nesa bai san yadda Kakuri take ba a lokacin da jiniya ke kiran ma'aikata. Ni a gidanmu na ji. Tun 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe Kaduna Textiles, ga Arewa Textiles, ga masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) da ta rufe a 2007. Rashin wuta, tsadar baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri suka haɗu suka kashe su. Baba shekara ashirin ya yi a gaban injin saƙa a ɗaya daga cikin masaƙun yankin, har yau kunnensa na hagu bai ji sosai.

A hanya Mubarak sai murna yake, wai hoton ya fito tas. Ban tanka ba.

Na tarar da Baba kan tabarma, rediyo a gefensa. Ya rage muryar rediyon ya ce, "To, me ya ce?" Na ce, "Baba, ban tambaya ba." Ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce, "Allah ya kai mu wani jiƙon," ya ƙaro muryar rediyonsa.

Sadiya ta karɓi lambar hadimin. Na ce ta turo mini. Tuwon Umma yana nan a rufe, ban taɓa ba.